Kaska da Garkuwar Jikin Shanu a Fadamar Rima

A ƙasar Augie, inda shanun Gudali da Rahaji ke kiwo a fadamar Rima, kaska takan yawaita da damina, kuma ita ce ke ɗauke da babesiya, ƙwayar cutar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini har saniya ta riƙa fitsarin jini. Duk da haka garken gida ba ya ƙarewa, saboda maraƙin da ya sha dakashin uwarsa, kaska kuma ta cije shi kafin ya kai wata tara, yakan kamu ba tare da ya kwanta ba, ya tashi da garkuwar jiki mai ɗorewa. Sai dai wannan garkuwa ba ta fitar da ƙwayar daga jininsa gaba ɗaya, don haka dabbar da ta warke tana ci gaba da ba kaska cutar, kaska kuma ta kai wa sababbin maruƙa, har a samu daidaiton da cuta ke yawo a garke amma mutuwa ta yi ƙaranci. Wannan daidaito yana rushewa idan aka tsananta feshin maganin kaska har maruƙa suka girma ba su taɓa kamuwa ba, ko aka shigo da shanun madara na Turai waɗanda jikinsu bai san cutar ba, kuma a nan ne asara take yin muni. Ya kamata likitocin dabbobi na Argungu da Birnin Kebbi su koya wa makiyaya rage kaska gwargwado, su kuma sa ido sosai kan duk baƙuwar dabbar da aka sayo.