Daga "Direba" Zuwa Dogayen Kalmomin Ingilishi

A makarantun sakandare na ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa, darasin furucin Ingilishi na daga cikin waɗanda ɗalibai suka fi tsoro, musamman tambayoyin jarrabawar WAEC da ke neman a nuna gaɓar da ake ƙarfafawa a doguwar kalma. Malamai da yawa sukan ba yara jerin kalmomi su haddace. Wannan hanya ɓata lokaci ce, domin mabuɗin darasin yana bakin yaran tun daga gida.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkonta ba. Shi ya sa da Bahaushe ya ari "driver" ya saƙala wasali ya ce direba, "screwdriver" kuma ta zama sukurudireba, gaɓa uku ta koma shida. Amma ba a nan aikin ya tsaya ba. A direba karin sama yana kan "re", wato wurin da Bature yake ƙarfafa muryarsa. A lebura da tebur yana kan gaɓar farko, kamar yadda yake a asalin kalmomin. William Leben ya nazarci wannan dangantaka a maƙalarsa ta 1996. Kunnen manomin da bai taɓa shiga aji ba ya kama abin da jikansa yake faɗuwa a kansa a jarrabawa. Ƙa'idar ba ta game kowace kalma ba, kuma wannan saɓani kansa abin tattaunawa ne a aji.

Daga nan malami zai iya shiga ƙirar kalma, da misalan da yaro ya sani daga noman rani a Watari ko Tomas. A "irrigate" ƙarfin yana gaɓar farko, amma da an ɗafa "-tion" sai ya koma gaɓar da ke gab da ɗafa-ƙeyar. Haka "fertile" da "fertility". Yaron da ya gane wannan ya mallaki ɗaruruwan kalmomi ba tare da hadda ba.

Matsalar ita ce malamin Hausa da na Ingilishi ba su cika zama tare ba. Kwalejin ilimi ta Bichi da sassan harsuna na Jami'ar Bayero su ne ya kamata su fara haɗa su tun suna ɗalibai.