A Fara Daga Kujera

Yayata tana sayar da atamfa da leshi daga ɗakinta. Waya ce shagonta: ta ɗauki hoto, ta ɗora a WhatsApp, mai so ya turo kuɗi, yaro ya kai masa. Kasuwa ta yi albarka, amma ta zaunar da ita. Daga hantsi har la'asar tana kan kujera guda, in ba alwala ba babu abin da ke tada ta. Shekara uku ta yi tana sallah a zaune, domin in ta kai goshi ƙasa, tashi sai an kama ta. Likita ya ce hawan jini, ya ce suga ya kusa ƙetare layi, ya ce ta rage jiki, ta riƙa motsawa. Bai faɗa mata yadda za ta yi ba, layi na jiransa.

'Yarta ta fari ce ta sauko mata da bidiyo daga YouTube. “Umma, minti ashirin ne kacal, kuma ba a buƙatar sayen komai.” Ina ɗakin ranar. Aka janye tebur, aka shimfiɗa tabarma, aka jingina wayar da filas ɗin shayi. Wata budurwa siririya ta fito tana murmushi, ta fara tsalle tana ware hannu da ƙafa. Yaya ta bi ta da zuciya ɗaya. Ba a yi minti biyu ba ta dafa bango tana haki, gumi na bin wuyanta, budurwar kuwa har ta sauka ƙasa ta tokare da hannuwa tana ci gaba da ƙirga. Yaya ta kife wayar. “Ke, wannan ba namu ba ne,” in ji ta. Kwana uku gwiwarta ta hagu tana kumbure.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne hukuncin da ta yanke wa kanta a ranar. Ba ta ga laifin bidiyon ba, jikinta ta ɗora wa laifi.

Ina cikin masu ganin alheri a wannan hanya ta motsa jiki ta waya, kuma dalilina a tsakar gidajenmu yake. Mace mai jiki, mai shekara arba'in da 'yan kai, ina za ta je? Wuraren motsa jiki na kuɗi ne, na mata zalla kuma ƙalilan ne. In ta sa takalmin kambas ta fita zagaye da sassafe, idon unguwa na kanta. Bakin da ya ce “ta samu hutu, miji ya iya kiwo” lokacin da take ƙara jiki, shi ne zai bi ta da dariya ranar da ta fito rage shi. Ga rana, ga ƙura, ga aikin gida. Magidanci mai tumbi ma bai tsira ba. Da wuya ya shiga filin ƙwallo cikin sa'o'in 'ya'yansa. Waya kuwa tana shiga har ƙuryar ɗaki, a rufe ƙofa, babu mai kallo. Nauyin jikin mutum shi ne kayan aikinsa, sai bango da kujera.

Yawan masu buƙatar wannan ƙofa ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya miliyan 890 ne ke da ƙiba mai yawa a duniya, wato kashi 16 cikin ɗari. A shekarar dai, kashi 31 cikin ɗari na manya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ake so, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Gwargwadon da hukumar ta ɗora shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wanda ya shekara goma a zaune, in ya ji minti 150 sai gabansa ya faɗi. Ya kamata a gaya masa cewa a ƙa'idojin 2020 hukumar ta cire tsohon sharaɗin da ya ce sai an yi aƙalla minti goma a jere kafin a lissafa. Yanzu minti uku ma lissafi ne.

Matsalar ita ce akasarin bidiyoyin nan masu ƙaramin jiki ne ke yin su, da irin jikinsu a zuciya. Suna rubuta “na masu farawa” a kai, amma mai farawa a wurinsu shi ne saurayin da ya bar ƙwallo bara. Akwai wani tsari da ya yi tashe a duniya, na motsa jiki cikin minti bakwai. Wasu masu horarwa biyu a jihar Fulorida ta Amurka ne suka wallafa shi a 2013: motsi iri goma sha biyu, kowanne daƙiƙa talatin, hutu daƙiƙa goma a tsakani, babu kayan aiki sai kujera da bango. Su kansu sun ja kunne a cikin rubutun cewa a yi hattara da shi ga masu ƙiba, da tsofaffi, da waɗanda suka daɗe ba su motsa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya guji nau'in da ake ƙamewa wuri guda, kamar jingina da bango a rabin tsugune. Tsarin ya bazu a manhajoji da bidiyoyi ba adadi, jan kunnen kuwa an bar shi a baya. Wannan sakaci ne, kuma irin su Yaya ne ke biyan kuɗinsa da gwiwoyinsu.

Gwiwa ba ta yafiya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 kan masu ƙiba da ke fama da ciwon gwiwa ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin kilo huɗu ya sauke wa gwiwarsa a kowane taku. A juya lissafin, a ga abin da tsalle ke yi wa mai kilo ɗari da goma a kan daɓen siminti.

Bayan wata guda muka sake gwadawa, wannan karon da shawarar wata likitar fisiyo da na sani. Ta ce a nemo bidiyon da mai koyarwar ke zaune a kan kujera, ko wanda ake nuna mutum biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune. Ta ce kujerar ta zama ta katako ko ta ƙarfe, a jingina ta da bango, kada a yi da ta roba mai santsin ƙafa. Motsin kansa har ya ba Yaya haushi don sauƙi. A zauna, a tashi ba tare da dafa hannu ba, sau biyar. A tsaya taku ɗaya daga bango, a dafa shi, a lanƙwasa gwiwar hannu a tura, sau takwas. A riƙe bayan kujera a ɗaga dugadugai. A yi tafiya a wuri guda ana ɗaga gwiwa kaɗan, minti ɗaya. Ma'aunin da ta ba mu shi ne baki: in kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, kina daidai, in magana ta gagara, ki sassauta. Kada a riƙe numfashi. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa, a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai shan maganin suga, musamman mai allura, ya tambayi likitansa tukuna, domin motsi na saukar da suga.

Ranar farko Yaya ta yi zauna-tashi huɗu, na biyar sai da ta dafa cinya.

Akwai gaskiyar da masu bidiyon ba sa son faɗa, domin ba ta jawo 'yan kallo. Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage kilo da yawa. Sikeli ya fi jin maganar kwano: malmalar tuwo ta biyu, lemon kwalba, cokali huɗu na sukari a shayi. Duk bidiyon da ya yi alkawarin narkar da tumbi cikin mako biyu ƙarya yake yi, kuma babu motsin da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya ƙona. Mutum ya yi wata guda yana gumi, ya hau sikeli ya ga rabin kilo ne ya tafi, sai ya ce aikin banza, ya daina. Alhali ribar tana wani wurin. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini, hawan jini yana sassautawa, barci yana gyaruwa. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗora wa rukuni ɗaya burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsi na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa ya ragu musu da kashi 58 cikin ɗari, ya zarce na rukunin da aka ba ƙwayar metformin, wanda ya ragu da kashi 31. Kashi 7 ga mai kilo ɗari kilo bakwai ne. Ba a ce sai ta koma jikin ranar aurenta ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne harshe. Bidiyon da muka samu da Turanci yake, Yaya hannu kawai take bi, bayanin numfashi da gargaɗin duk suna wuce ta sai 'yarta na kusa. Jami'o'inmu a Kano da Maiduguri sun daɗe suna yaye likitocin fisiyo. Ina roƙonsu su tsaya gaban kyamara da Hausa, su samo mace mai jiki cikin doguwar riga da ɗankwali ta yi tare da su, ta gaji a gaban mai kallo, ta huta, ta ci gaba. A yi shi gajere, minti biyar zuwa goma, mara nauyi, yadda za a sauko da shi sau ɗaya a riƙa turawa waya zuwa waya ba tare da data ta ƙare ba. Gidajen rediyonmu ma da nasu rabon. Tun 1928 Japan ke watsa motsa jiki ta rediyo da safe, 'yan mintoci ne, babu kayan aiki, kuma a na talabijin har ana nuna mai yi a zaune domin wanda tsayuwa ke yi wa wuya. Mu da rediyo ke kunne a kowane gida tun asuba, minti biyar bayan labaran safe bai fi ƙarfinmu ba.

Yau wata huɗu ke nan. Yaya tana yi bayan sallar asuba, kafin saƙonnin masu sayen kaya su fara shigowa, kwana huɗu ko biyar a mako. Akwai makon bikin da ba ta yi ko sau ɗaya ba, ta dawo. Kilo uku ta rage, ta bar lemon kwalba. Zauna-tashi ya kai goma sha biyu, sau biyu. Ranar Juma'a na je gidan da magariba, na tarar da ita a tsaye kan darduma tana karatu, kujerar na bayanta. Ta yi ruku'u a tsaye. Sujada har yanzu a kan kujera take yi. Da ta sallame ta shafa addu'a, ta juyo ta ce da ni, “Ke, tambayo mini likitar nan taki, wane motsi ne zai kai ni ƙasa in tashi da kaina?”