Rinin da ke nuna wa likita iyakar ƙari

Ƙarin da ke tsirowa cikin ƙwaƙwalwa ba shi da shinge. Yakan saje da lafiyayyen nama har mai fiɗa ya rasa inda zai tsai da wuƙa: in ya rage, ciwo ya dawo, in ya zarce, majinyaci ya rasa magana ko tafiya.

Don haka masana suka nemi taimakon rini mai ƙyalli. Irin su Hoechst, masu manne wa DNA, wato ƙwayar gado, aikinsu ya fi yawa a ɗakin bincike, domin abin da ya kama ƙwayar gado yana iya ɓata ta. Wanda ya samu shiga gidan likita shi ne 5-ALA. Ana shan shi kamar awa 3 kafin fiɗa, sai ƙarin ya yi jajir ƙarƙashin shuɗin haske. A wani gwaji na Jamus da aka bayyana a 2006, an kwashe dukan ƙarin da hoto ke nunawa ga majinyata 65 cikin 100. Da farin haske kuwa, 36 kaɗai.

Amma kada a ɗauka waraka ta samu, mugun ƙari yakan sake tohowa. Kuma rinin bai da amfani sai da madubin fiɗa na musamman da gwanin da ya san shi. Ya kamata hukumomin lafiya su fara lissafi da waɗannan biyu kafin su sayo kwalba ɗaya.