Jan Jirgin Su Ba Wuya, Tsayar Da Shi Ne Aiki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san darajar jirgin su. Kogin Zamfara ya ratsa ta Jega, kogin Kwara kuma ya bi ta Yawuri, ga Argungu da bikin kamun kifinta wanda aka soma a 1934. A da, ruwa ne kaɗai hanyar jirgi. A yau kuwa, masunci zai iya sayen jirgi a Yawuri, ya ɗaura shi a bayan mota ƙirar jif, ya biyo titin Koko zuwa Maiyama da Jega, ko ya ratse zuwa Sarandosa. Ra'ayina shi ne, muna yin wannan aiki da ƙarfin zuciya fiye da sani, kuma ɗalibin sakandare da ya fahimci darasin kimiyyarsa zai iya gyara mana.

Kuskuren farko shi ne auna mota da ƙarfin injinta. Direba yakan ce jif ɗinsa ba abin da ba za ta ja ba. Gaskiya ne, amma ja ba shi ne matsalar ba. Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya, sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Alal misali, a ce nauyin mota kilo 2,000 ne, jirgi da ƙaramar tirelar da ke ɗauke da shi kilo 1,000, kuma tirelar ba ta da birki. To, birkin motar ne kaɗai zai tsayar da kilo 3,000. Motar da take tsayawa cikin mita 40, yanzu sai ta ci kusan mita 60. Mita 20 ɗin nan da suka ƙaru, su ne tsakanin yaro mai tsallaka titi da ajalinsa. Saboda haka ne a Ingila doka ta hana jan tirela marar birki idan nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750.

Gudu kuma ya fi nauyi haɗari. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka sau huɗu. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta kai ga birki.

Kuskure na biyu shi ne rabon nauyi. Yaran da ke kora amalanken albasa a Aliero sun san wannan ba tare da littafi ba: idan buhuna suka taru a bayan taya, gaban amalanke sai ya ɗaga sama. Haka tirela take. Injin jirgi a baya yake, kuma shi ne mafi nauyi. Idan nauyi ya rinjaya baya, tirelar za ta riƙa ɗaga bayan mota, tayoyin baya su rage kama ƙasa, sai tirelar ta soma lilo dama da hagu har ta kaɗa motar. Maganinsa shi ne a matsar da jirgi gaba, a cire injin a sa shi cikin mota idan zai yiwu, yadda kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai danna ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota. Idan lilo ya soma, a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari cak, kada a taka birki da ƙarfi.

Na uku shi ne ɗauri. Igiya takan saki, takan kuma tsinke. Tirela tana bukatar ƙugiyar ƙarfe, da sarƙa biyu da aka gicciya a ƙarƙashinta domin su tare ta idan ta kuɓuce, da fitilu masu nuna birki. A ɗaure jirgin gaba da baya. A kwashe ruwan da ke cikinsa, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ruwan yakan kwararo gaba a duk lokacin da aka taka birki. Kada kuma a bar mutum ya zauna cikin jirgin da ake ja.

Wani zai ce masunci talaka ne, ina ya ga kuɗin tirela mai birki? Wannan magana ce mai nauyi. Amma jirgin nan shi ne jarinsa, shi ne abincin gidansa. Idan ya tarwatse a titi, asarar ta fi kuɗin tirela nesa ba kusa ba. Masunta goma za su iya haɗa kuɗi su mallaki tirela ɗaya mai inganci. Rage gudu da gyara zaman kaya kuwa ba su cin ko kwabo.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ta riƙa kai wannan wayar da kai bakin kogi, inda masunta suke. Malamai kuma su gwada a aji: a ƙulla wa motar langalanga 'yar tirela, a sa duwatsu a gabanta a ja, sannan a mayar da su baya a sake ja, ɗalibai su ga bambancin da idonsu. Ku kuma ɗalibai, ranar da za a ɗaura jirgi a gidanku, ku tambayi direba cikin ladabi: "Baba, cikin mita nawa motar nan za ta tsaya?"