Sabuwar kwamfuta ta ƙi ganin Wi-Fi: Kafin ka hau mota zuwa Kano

Wani ƙanena da ke Ajingi ya shafe kusan shekara yana tara kuɗi don buɗe ɗan shagon buga takardu da cike wa ɗalibai fom a intanet. Ya je Kano ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa masa a wani shago, aka ɗora Windows. Da ya dawo gida ya kunna, komai lafiya, sai abu guda: alamar Wi-Fi babu ita kwata-kwata. Ya kira ni murya na rawa, ya ce, "Yaya, ina jin jabu suka sayar mini."

Ba jabu ba ne. Direba ne babu.

Direba ita ce ƙaramar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da kowace na'ura da ke cikin kwamfuta. In babu ta, katin Wi-Fi yana nan a maƙale amma Windows ba ta san yarensa ba. Abin haushin kuwa, direban a intanet ake sauke shi, intanet ɗin kuma shi ne babu. Windows 11 ma tun a wajen ɗorawa take neman a haɗa ta da intanet.

A ganina, duk mai haɗa wa mutum kwamfuta ya sallame shi ba tare da ya gwada Wi-Fi a gabansa ba, bai gama aikin da aka biya shi ba. Wanda ke Fagge ko Tarauni zai koma shagon cikin minti ashirin. Mutumin Gaya sai ya bi ta Wudil, na Ajingi ya fi shi nisa, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga akwatin kwamfuta a kan cinya, ga yini guda ya tafi. Duk a kan fayil ɗin da za a iya zuba masa a filashi cikin minti biyu. Masu shaguna za su ce ribar da ke cikin haɗa kwamfuta ba ta da yawa, kuma kwastoma kullum sauri yake yi. Gaskiya ne. Amma minti biyar na gwaji ba ya cinye ribar kowa.

To, in abin ya riga ya faru fa? Ga yadda muka yi da ƙanen nawa ta waya.

Na fara tambayarsa ko ya ɗaura eriya. Kada ka yi dariya. Allunan kwamfutar tebur masu Wi-Fi suna zuwa da eriya a cikin kwali, wadda ake murɗawa a baya, kuma da yawa suna ɗaukarta tarkace. Ba tare da ita ba, ko direba ya hau, sigina ba za ta yi ƙarfi ba. Tasa tana cikin leda.

Daga nan ya jona wayarsa ta Android da kwamfutar da wayar caji, ya shiga saitin wayar ya kunna raba data ta USB. Galibi Windows na karɓar wannan ba tare da neman komai ba. Da intanet ya samu, sai Windows Update ta nemo direban da kanta. Sai dai a kula, tana iya zuƙe data sosai, don ba direba kaɗai take saukewa ba.

In hakan bai yi ba, a buɗe Device Manager. Na'urar da ba ta da direba za ta fito da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa. A cikin bayananta akwai lambar shaida: in ka ga 8086 bayan VEN, katin na Intel ne, 10EC na Realtek, 14C3 na MediaTek. Wannan lambar ta fi abin da mai shago ya faɗa maka da baki, domin allo iri ɗaya kan zo da kati daban-daban. Sai a je shafin kamfanin da ya ƙera allon, ko na Intel, a sauke daidai wanda ya dace. Manhajojin nan da ke alƙawarin ɗora duk direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ban yarda da su ba, musamman a kwamfutar da za a riƙa shigar da lambar NIN da bayanan 'ya'yan mutane.

Inda na fi jin tsoro shi ne BIOS, wato manhajar da ke zaune a jikin allon kanta, wadda ke tada kwamfuta kafin Windows. Bidiyoyin YouTube na saurin cewa a sabunta ta. Masu yin bidiyon ba su san ɗauke wuta ba. In wuta ta tafi ana tsakiyar sabuntawa, allon na iya mutuwa, kuma shi ne ɗaya daga cikin kayan da suka fi tsada. Matsalar Wi-Fi ba kasafai take kaiwa can ba. In ta kama dole, kada a taɓa sai da UPS mai cikakken caji ko sola mai batir. Ƙaramin janareta mai tari ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma masu komawa Windows 10 don gudun wahala. Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka ɗora ta a sabuwar kwamfutar kasuwanci ba dabara ba ce.

Ƙanen nawa ya samu Wi-Fi kafin la'asar. Na sa shi ya kwafi direban a filashi, ya rubuta sunan allon a jiki, ya ajiye a aljihun tebur, domin ranar da za a sake ɗora Windows alamar za ta sake ɓacewa. Na kuma ce in zai sayi kwamfuta ta biyu, kada ya biya cikon kuɗi sai ya ga ta kama datar wayarsa a nan cikin shagon.