Daga Bakin Allo: Motar Gwangwani Da Alƙalamin Feshi

A wannan wata za mu ajiye maganar jarrabawa da kuɗin littattafai, mu ɗauko wata tambaya da aka tare mu da ita ranar wata Asabar a tashar Basam ta Tireshibil, muna jiran mota ta cika.

Mai tambayar mahaifin wani ɗalibinmu ne, mutumin ƙasar Maraɗi, mai sana'ar tsire a gefen tashar. Ya ja mu bayan tukubarsa, ya buɗe wani kwali, ya fito da wata 'yar gbaka wadda tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Da gwangwanin madara aka ƙera ta, ƙafafunta na tsohon silifa ne, ƙofar gefe tana buɗuwa, har da ɗan ƙarfen nan da yaron mota ke maƙalewa yana kiran fasinja. Ya ce, "Malam, aikin ɗanka ne. Wani mai sayar da kayan tsaraba a hanyar Basam ya gani, ya ce zai riƙa karɓa in da fentin ya yi sumul, amma wannan na buroshi ne, duk sawun gashi ya fito. Yaron ya ce wai akwai wani abu kamar biro mai fesa fenti. Ga shi wata mai kamawa ni ne da kwasar adashi. In saya masa ko in bari?"

Mun san yaron sarai. A shifta yana cikin na baya, sau biyu muna kiran uban a kan haka. Amma duk wanda ya riƙe motar nan a hannunsa ya san Allah bai hana shi basira ba, a yatsu aka zuba masa ita. Ga kuma kuɗin adashi na wata da watanni, wanda aka tara a bakin wuta. Saboda haka ba mu ba da amsa a tsaye ba, kuma tunda mun san ba shi kaɗai ke da irin wannan yaro a gida ba, muka ga ya dace mu baje maganar a nan.

Ƙera mota ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi a Katsina ko Damagaram ya yi motar kara da kaka, wanda ya tashi a birni ya yi ta waya ko ta langa-langa. Abin da ya bambanta Abijan shi ne a nan wasan yana da kasuwa. Basam, mai nisan kamar kilomita 40 daga nan, ita ce hedkwatar farko ta Turawan mulkin mallaka daga 1893, kafin annobar shawara ta 1899 ta sa su ƙaura zuwa Banjabil, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar unguwarta cikin kayan tarihi na duniya. Baƙi suna zuwa, rumfunan tsaraba kuwa suna jere a bakin hanya. Mutanenmu sun daɗe a wannan ciniki, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Steiner ya fitar da littafi a 1994 a kan dillalan kayan sassaƙa na Abijan, Hausawa na cikin manyan waɗanda ya yi magana a kansu. Sai dai mun fi yawa a wajen saye da sayarwa. In aka sami ɗanmu a wajen ƙira, bai kamata a kashe masa gwiwa ba.

To, mene ne wannan biro mai fesa fenti? Masu Faransanci suna ce masa ayerogaraf, mu kuwa bari mu kira shi alƙalamin feshi. Wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon nan na maganin sauro ya riga ya san sirrinsa: iska ce take wucewa da gudu ta bakin wata 'yar ƙofa, ta jawo ruwan da ke kusa, ta watsa shi kamar hazo. A Amurka aka fara ƙera shi wajen 1879, masu gyaran hoto ne suka fara cin moriyarsa. Sunan da Faransawa ke kiransa da shi kuma ya samo asali ne daga kamfanin da Charles Burdick ya kafa a Landan a 1893, wato shekarar da Basam ta zama hedkwata. Kada a haɗa shi da bindigar fenti ta masu gareji, wadda ake fesa wa woro-woro launin unguwarsu da ita, rawaya ta Kokodi, shuɗiya ta Yofugon. Bakin waccan yakan kai milimita 1.3 zuwa 1.8, in aka nuna ta a kan motar gwangwani sai ta yi mata wanka gaba ɗaya. Bakin alƙalami kuwa daga 0.2 ne zuwa 0.5, da wata doguwar allura a ciki mai buɗe shi da rufe shi.

Abu uku mai kanti zai tambaye ka, in ma ya san kayansa. Na farko kunama. Akwai mai aiki ɗaya, wadda in ka danna iska da fenti su fito tare daidai yadda aka saita. Akwai mai aiki biyu, ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo gwargwadon jan da ka yi. Ana cewa mai aiki ɗaya ta fi sauƙi ga ɗan koyo, haka ne, amma mu ba mu ba da shawararta. Yaron da ya iya lanƙwasa gwangwani ya fitar da ƙofa mai buɗuwa, mako biyu ya ishe shi ya saba da mai aiki biyu, kuma da ita ce kawai zai iya ja wa gbaka layukan nan masu narkewa cikin juna, ko ya zana mata fuskar ɗan ƙwallo a baya kamar yadda ake yi wa na gaske. Na biyu wurin zaman fenti: ko ɗan ƙoƙo a sama, fenti ya gangaro da kansa, ko kwalba a ƙasa, iska ta zuƙo. A ɗauki mai ƙoƙo a sama. Ɗigo kaɗan ya ishe shi aiki, ba ya neman iska mai ƙarfi, wankinsa kuma bai da wuya. Na uku faɗin baki. Kowa yakan so 0.2 don an ce shi ne mai layi siriri, alhali shi ne mai saurin toshewa, allurarsa kuma ko kallon banza aka yi mata sai ta lanƙwashe. Tsakanin 0.3 da 0.5 nan ne wurin mai motar gwangwani.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda kuɗin adashi ke nutsewa shi ne wajen iska, kuma nan ne mutane ba su tambaya. Alƙalamin ba ya komai shi kaɗai, sai da injin matsa iska, wato kwampireso, wanda sau da yawa ya fi alƙalamin tsada. Ba a bukatar babba irin na masu faci, domin aikin bai wuce ma'aunin bar 1 zuwa 2 ba. Amma a tabbata yana da ɗan tanki, saboda marar tanki yakan turo iska a guntu-guntu, layi ya fito kamar sawun tafiyar kaza, ga shi injin ba ya hutawa sai ya yi zafi. A tabbata kuma yana da agogon rage ƙarfi da matatar ruwa, wata 'yar kwalba ce da ake ɗaurawa kafin tiyo. Wannan matata a Agadas ana iya yi mata sakaci, a Abijan kuwa ina! Garin da gishiri ke jiƙewa a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa a watan Yuni, iskarsa cike take da laima. In inji ya matsa ta, laimar sai ta koma ruwa ta kwanta cikin tiyo, kana tsakar aiki sai alƙalami ya yi tari ya tofa wa motar da ka kwana uku kana gogewa. A riƙa kuma buɗe ƙasan tanki ana tsiyaye ruwan bayan kowane aiki, don kada ya ci tsatsa.

Wanda zai aika wa ɗan'uwa a Amurka ya sayo masa, ya tuna wutarsu 110 ce, tamu 220. Inji da yawa sun ƙone a daren da aka kwance su daga kwali. Akwai kuma masu haɗa nasu da injin tsohon firiji. Yana aiki, ba ya ƙara, amma yana tofo mai tare da iska, kuma tankin da aka haɗa ba tare da bawul mai sakin iska in ta yi yawa ba, bom ne aka ajiye a ɗaki. In ba gwanin gyaran firiji ne zai haɗa da duk kayan kariyarsa ba, a bar shi.

Mu ma mun taɓa ƙonewa, shi ya sa muke magana da ƙarfin gwiwa. Shekarun baya mun sayi wani alƙalami a wani kanti a Ajame, don yara su yi wa taswirar ƙasa ta laka fenti saboda bikin ƙarshen shekara. Kyakkyawa ne cikin akwatinsa mai shimfiɗar soso, ba suna ba lamba. Kwana huɗu ya yi, wani yaro ya sake shi ya faɗi ta baki, allura ta lanƙwashe, bakin ya tsage. Muka koma kantin, mai kanti ya ce shi kaya yake sayarwa, ba ya sayar da allura. Muka yi Asabar biyu muna zagaye daga Ajame zuwa Tireshibil da guntun ƙarfe a aljihu, ba mu sami wadda ta shiga ba. Da buroshi aka gama taswirar. Tun daga ranar, tambayarmu ta farko ga mai sayarwa ita ce: kana da allurarsa da bakinsa daban? In ya ce babu, mu yi masa sallama. Manyan sunaye irin su Iwata na Japan, da Badger da Paasche na Amurka, da Harder & Steenbeck na Jamus, ba wanda ke musun ingancinsu, kuma kamfanoninsu suna yin kayan gyara. Amma in sai an jira matafiyi daga Faransa kafin a sami allura, to ɗan Sin mai araha wanda aka sayo shi tare da allura biyu da baki biyu na ajiya ya fi wa yaron Tireshibil amfani.

Saura fenti, kuma a nan muna roƙon iyaye su karanta a hankali. Dole a tsinka shi ya koma kamar madara kafin ya wuce ta wannan ƙaramin baki, a tace shi da tsohuwar safa. Gwangwani kuma sai an wanke maiƙonsa, an goge shi da samfefa, an yi masa fentin shimfiɗa, in ba haka ba launin zai ɓare da farce. Mafi lafiya shi ne fentin akirilik da ake tsinkawa da ruwa. Mun san abin da zai faru, yaro zai je gareji ya roƙo ragowar fentin mota don kyauta ne. Tinar da ake tsinka shi da ita tana cinye robobin cikin alƙalami mai araha, wannan ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce ƙirji. Fentin motar nan da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa yana iya sa wa mutum asma ta har abada, kuma takunkumin yadi ko na takarda ba ya tare shi. Wasu fentocin mai kuma suna ɗauke da dalma, ga shi motar wasa a bakin ƙananan yara take ƙarewa. Ko da akirilik ne, a fesa a fili, da takunkumi mai kyau, ba cikin ɗakin kwana ba, kuma a wanke alƙalamin nan take kafin fenti ya bushe a ciki. Da muka zo nan a bayaninmu sai muka dubi tukubar mutumin tana ci, muka ce, "Baban yaro, tina da wuta ba su haɗa rumfa. Ko kwalbar kada ta kwana a nan."

Ya ce, "To Malam, duk na ji. In saya ko in bari?" Muka ce ya dakata tukuna. Abin da mai tsarabar nan ya nema fenti mai sumul ne, kuma gwangwanin feshi da ake sayarwa a kowane kantin kayan gini zai ba da wannan da kuɗi kaɗan. Yaro ya ƙera mota shida, ya fesa su a fili daga nisan kamar taƙi ɗaya, shafi mara kauri sau uku, yana bari kowanne ya bushe, ya kai. Alkawarin ɗan kasuwa a baki daban, kuɗi a hannu daban. In ya biya kuma ya sake nema, sannan a taɓa adashi, a fara da inji mai tanki da matata, abin da ya rage a sayi alƙalami da shi. Kafin nan kuma yaron ya riƙa zuwa ranar Laraba da yamma wajen wani mai rubuta allunan kanti da muka sani a unguwar, ya ga yadda ake kwance alƙalami a wanke a mayar. Muka ƙara da sharaɗi ɗaya namu na malamai, cewa duk makon da ya yi fashin aji, babu feshi.

Makon jiya mun sake bi ta tashar. Yaron ya kai woro-woro shida masu launin Kokodi, mai tsaraba ya karɓi huɗu ya biya, ya dawo da biyu saboda fenti ya zubo a gefen ƙofa, ya kuma ce a kawo masa gbaka goma kafin hutun ƙarshen shekara. Uban ya kwashi adashinsa, ya ba matarsa rabi ta ɓoye, ya ce ranar Asabar mu raka shi Ajame mu duba inji. Mun ce za mu je, amma da yaron, kuma shi zai yi wa mai kanti tambayar allura da bakinsa.