RA'AYINMU: Mai cikin da ta ƙetare iyaka, wa ke ɗaukar nauyin haihuwarta?

Tun kafin Turawa su ja layi tsakanin Birnin Ƙonni da Sakkwato, mutanen Adar da na Gobir da na Ƙonni suna aurayya da juna, kuma layin bai hana su ba. Ɗan Tajaye da ya tafi cin rani Sakkwato ko Kano yakan komo da mata. Ɗan kasuwar Illela ta Najeriya yakan auri ƴar Malbaza ko ƴar Dogerawa. Wata amaryar a kai ta gidan miji can, wata kuwa tana zaune gidan iyayenta nan, sai dai ta riƙa kai ziyara wata biyu ko uku. Duk wannan alheri ne. Amma akwai ranar da irin wannan aure ke zama abin fargaba, ita ce ranar da naƙuda ta kama mace a ƙasar da babu sunanta cikin littafin kowace asibiti.

Al'adarmu ma tana ƙara yawan wannan kai da komo. Idan cikin fari ya kai wata bakwai, mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu can, ta yi wankan jego har kwana arba'in. To, idan gidan miji yana wannan gefe, gidan iyaye yana wancan, ke nan rabin awon cikin an yi shi a wata ƙasa, haihuwar kuma a wata. Tambayar da muke yi wa hukumomin lafiya na gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ita ce: wa ke biyan kuɗin wannan haihuwa, wa kuma ya san halin da cikin ke ciki?

Mu fara da abin da kowace ƙasa ta yi alkawari. A Nijar, tun shekarar 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, wato sezariyan. A 2006 aka ƙara da awon ciki da tsarin iyali da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A watan Agusta na 2024 majalisar ministoci ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati, ta kuma mai da haihuwa kyauta daga ranar 1 ga Satumba ta shekarar. Wannan babban mataki ne, kuma ya cancanci yabo.

Sai dai ma'aikatan asibiti sun san yadda kyautar ke tafiya. Asibiti ce ke fara yin aikin, sannan ta aika da takardar bashi, baitulmali ya biya daga baya. Shekara da shekaru an yi ta jinkirin wannan biya, har kantocin magani na asibitoci suka riƙa zama wayam. Idan magani ya ƙare, sai a miƙa wa dangin mai haihuwa takarda su je gari su sayo. Ƴar gari tana da uwa da ƴan uwa da za su ranto kuɗi cikin dare. Baƙuwa fa? Mijinta yana Legas ko Abija wurin nema, tana hannun surukai, su kuwa suna jin nauyin sayar da akuya ba da izininsa ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, mijin da ke samun kuɗinsa da naira ma yana jin jiki idan aka rubuto masa magani da sefa. Kafin a same shi a waya, kafin ya aiko, kafin a yi canji, awa nawa ta wuce? Likitoci sun ce zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace cikin awa biyu.

A Najeriya tsarin dabam ne. Dokar da aka kafa a 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan mazauna ƙasar, kuma jihar Sakkwato tana da tata hukumar asusun lafiya. Amma inshora rajista take so: a rubuta sunanka, a ga lambar shaidarka ta ƙasa, a haɗa ka da asibiti guda. Ƴar Tajaye da ta je wurin mijinta don wata biyu ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Ko ƴan ƙasar ma, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Gaskiya ne dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti korar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Gaskiya ne kuma a watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Amma matar da ba ta san haƙƙinta ba, ba za ta iya neman sa a bakin ƙofa ba, balle tana cikin ciwo. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar ɗan ƙasa damar neman zama ƴar ƙasa ta hanyar rajista. Mata nawa a ƙauyukanmu aka taɓa yi wa bayanin wannan ranar ɗaurin aure?

Wasu za su ce ai akwai yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, wadda ta ba mutum damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba biza. Wannan yarjejeniya izinin shiga ta bayar, ba ta ɗauki nauyin kuɗin asibitin baƙo ba. Bayan haka, Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Mun kuma ga yadda iyaka ke rufuwa. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A waɗannan watanni ba a daina haihuwa ba. Mai ciki ta bi hanyar daji a bayan babur, kuma kowa ya san abin da ramukan hanya ke yi wa tsohon ciki.

Batun nisa ma ya isa a dube shi. Daga Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya ƴan kilomita kaɗan ne. Zuwa Sakkwato, inda asibitin koyarwa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take, bai cika kilomita 100 ba, alhali zuwa Tawa ya haura 120. A ɗaya gefen kuma, asibitin Galmi, wadda ke aiki tun 1950, ta daɗe tana karɓar marasa lafiya daga Najeriya. Wato jama'a da kansu sun riga sun mai da yankin nan ƙasar jinya guda. Takardun hukuma ne kawai suka rage baya.

Abin da ya fi damunmu ma ba kuɗi ba ne, karnen awo ne. Na Nijar da Faransanci ake cika shi, katin Najeriya kuwa da Ingilishi. Ungozomar asibitin Ƙonni ta karɓi katin Sakkwato, ta juya shi, ta ajiye. Ta Sakkwato ta yi wa namu haka nan. Alhali a cikin wannan ƴar takarda ne aka rubuta abin da zai ceci rai: ko an taɓa yi wa matar fiɗa, ko jininta yana hawa, wane rukunin jini gare ta, allurar rigakafin sandarewar jarirai nawa aka yi mata, sau nawa ta sha maganin rigakafin zazzaɓin sauro, wanda ake so ta sha aƙalla sau uku kafin ta haihu. Matar da aka taɓa yi wa fiɗa, idan aka bar ta tana doguwar naƙuda a ƙauye, mahaifa na iya tsagewa. Wadda jininta ke hawa, jijjiga na iya kama ta ba sallama. Doguwar naƙuda kuma ita ce uwar yoyon fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas. Ina amfanin takwas ɗin idan huɗun farko sun ɓace a bakin iyaka? Abin mamaki, ungozomomin nan biyu duk Hausa suke yi da mai cikin, Hausa kuma suke yi da juna in sun haɗu wurin biki.

Saboda haka muna ba da shawara a ƙara shafi guda na Hausa a cikin karnen awo, iri ɗaya a gefen biyu, mai ɗauke da waɗannan bayanai. Wannan ba ya bukatar taron shugabannin ƙasa. Kafin a kai ga haka kuma, ku da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, ga aikinku. Idan ƴarku ko ƙanwarku za ta ƙetare da ciki, ku raka ta awo na ƙarshe, ku roƙi ungozoma ta faɗa muku abin da ke cikin karne, ku rubuta shi da Hausa a takarda, ku maƙala. Ku kuma sa mijin ya faɗi, a gaban iyayensa, wanda ya wakilta ya ba da izinin kai ta asibiti da abin da za a sayar in bukata ta taso.

Game da kuɗi, ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da kati guda tun 2004. Wanda ke da inshora a ƙasarsa, idan ciwo ya kama shi yana baƙunta a wata, sai a duba shi kamar ɗan gida, daga baya asusun ƙasarsa ya biya. Mai ciki ma tana ciki, muddin ba takanas don haihuwa ta yi tafiyar ba. Mu ba mu da arzikinsu, kuma goyon ciki ma tafiya ce ta takanas, don haka ba kwafar nasu za mu yi ba. Amma muna da inda za a zauna a yi maganar. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, mazauninta kuma Yamai. An sha kai mata batun ruwa da fatauci da dabbobi. A kai mata wannan: kowace ƙasa ta rubuta ƙarara cewa matar ɗan ƙasarta, ko da baƙunta ta zo, za a yi mata awo da haihuwa da fiɗa bisa sharaɗin da ake yi wa ƴar gida, a kuma liƙa sanarwar da Hausa a ƙofar kowane ɗakin haihuwa. A duniya mata wajen 260,000 suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a 2023, kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, Najeriya kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Ba a rasa dalilin gaggawa ba.

Kada a manta da jaririn. Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa. Wanda aka haifa a gidan kakanninsa can, aka dawo da shi bayan arba'in ba takarda, sai ranar shiga lakwal ko ranar jarrabawa iyaye su fara zaryar kotu. A karɓi takardar haihuwa a ƙasar da aka haife shi tun kafin a ɗaura kayan komowa.

Akwai kuma abin da hukumomin gunduma za su iya yi da kansu a wannan shekara. A gundumar Keita an gwada ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita don sayen man motar ɗaukar marasa lafiya. Inda irin wannan asusu yake, a shigar da baƙuwa cikinsa. Shugabannin gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela da manyan likitocinsu su gayyato takwarorinsu na ƙaramar hukumar Illela ta Najeriya, su yi musayar lambobin wayar ɗakunan haihuwa, su ba jandarma da ƴan duwan na bakin iyaka umurni a rubuce cewa motar da ta ɗauko mai naƙuda ba ta bin layi, dare ko rana. Muna roƙon a yi wannan zama kafin saukar damina, tun hanyoyin Tajaye ba su cika da ruwa ba.